Salansar motar daji: faɗin bututu ba shi ne ƙarfin inji ba

Jama'a, assalamu alaikum. Ku saurari wannan ƙarar tukuna. To, ga ta biyu. Mota iri ɗaya ce, Hilux, inji iri ɗaya, amma an yanke wa ta biyun salansa an jona mata bututu mai faɗin inci 3. Irin waɗannan bidiyoyi sun cika TikTok da Facebook kwanakin nan, kuma kusan kowa a ƙasansu abu guda yake faɗa: wai an buɗe wa injin numfashi, ƙarfi ya ƙaru. Wasu kuma suna gardama cewa inji yana buƙatar a ɗan toshe shi kafin ya yi ƙarfi. Duka ɓangarorin biyu sun riƙe rabin magana, kuma a tsakaninsu ne kuɗin mutane ke zubewa a wurin masu walda.

Bari mu yi sauri mu wuce abin da kowa ya sani. Ga salansar kamfani an tsaga ta biyu. Kun ga ɗakunan nan da faifan ƙarfe suka raba? Hayaƙi yana shiga, ya bugi bango, ya juyo, ya bi wani bututu mai huji-huji, sannan ya fita. A wannan kai-komon ne ƙara ke mutuwa. Ga ɗaya nau'in kuma, miƙaƙƙiya. Idan ka ɗaga ta ka leƙa za ka hango haske ta ɗaya bakin. Bututu ne guda mai huji, an naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe da ke shanye ƙarar. Ta farko ta fi shiru, ta biyu ta fi barin hayaƙi ya wuce. Shi ke nan a kan wannan.

Yanzu ga inda nake so mu zauna. Kafin ka taɓa salansa, buɗe bonet ka amsa tambaya ɗaya: injin nan yana da turbo, wato farfelar da hayaƙi ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji, ko ba shi da shi?

Mu fara da marar turbo. Land Cruiser mai injin 1HZ, dizal, lita 4.2, silinda shida, wadda direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku suka sani kamar tafin hannunsu. Ko Hilux mai fetur, lita 2.7. Ko tsohon injin 5L. Hayaƙin waɗannan injuna ba ya fita a miƙe kamar ruwan famfo. Dunƙule-dunƙule yake fita, duk lokacin da bawul, wato murfin ƙofar silinda, ya buɗe sai dunƙule ɗaya ya harbo cikin bututu. Ku kalli zanen da kyau. Kowane dunƙule idan ya wuce da gudu, yana barin wuri mai ƙarancin iska a bayansa. Ka taɓa tsayawa a bakin titi tirela ta wuce ka da gudu, ka ga leda da ƙura sun tashi sun bi bayanta? Haka yake a cikin bututun. Dunƙulen gaba yana janyo na baya, yana taya silinda kwashe sauran hayaƙin da ya rage, har ya taimaka wajen zuƙo sabuwar iska a ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare.

Wannan janyowar tana buƙatar gudu. Gudu kuma yana zuwa ne idan faɗin bututun ya dace da yawan hayaƙin da injin ke fitarwa. Ka faɗaɗa shi fiye da kima, hayaƙin ya bazu, ya huce, ya rage gudu, janyowar ta yi rauni.

Mutane suna raina rabin inci. Daga inci 2.5 zuwa inci 3, ƙofar da hayaƙi ke bi ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Daga inci 2 zuwa 3 kuwa ta ninka fiye da sau biyu. 

A ina ake jin asarar? A ƙasa, lokacin da allurar juyin inji take wajen juyi 1,500 zuwa 2,500 a minti ɗaya. Kuma a nan motar daji take rayuwa. Mai hawan tudun yashi da lodi, mai ja a cikin laka a giya ta biyu, mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, ba wanda yake tafiya a ƙarshen allura. Ƙarfin da yake nema shi ne wanda ke amsawa da zarar ya ɗan taɓa totur. Ɗan ƙarin da babban bututu ke iya bayarwa yana can sama, inda direba mai tausayin injinsa ba ya zama.

Saboda haka masu cewa inji na son toshewa sun ga abu na gaskiya, sai dai sun ba shi dalilin da ba nasa ba. Sun ga an sa ƙaton bututu mota ta yi sanyi a ƙasa, suka ɗauka toshewar da aka cire ce ke ba ta ƙarfi. Babu injin da ke amfana da toshewa. Duk matsin da ya taru a bututu, fistin ne zai ture shi da ƙarfin da ya kamata ya tafi taya. Abin da aka rasa gudun hayaƙi ne.

To, sai mai turbo. Hilux mai 2KD, lita 2.5, ko 1KD, lita 3, ko sabon 1GD, lita 2.8. A nan labarin ya juya. Hayaƙin yana fara bugun farfelar turbo kafin ya shiga bututu, farfelar ta niƙe dunƙulen nan ta shanye mafi yawan ƙarfinsu. Abin da ke juya ta shi ne bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta. Idan bayanta a buɗe yake, takan tashi da wuri, zafin hayaƙi ma ya ragu, abin da ke da amfani ƙwarai ga motar da ke jan kaya a zafin hamadar Tenere. Irin wannan injin yana karɓar salansa miƙaƙƙiya da bututu mai ɗan faɗi ba tare da ya yi sanyi a ƙasa ba. Turbon kanta ma tana cinye wani kaso na ƙarar, shi ya sa ba ya tsage kunne kamar marar turbo. Sai dai bayan an canza, a sa makaniki ya duba matsin turbon, don a wasu injuna yakan haura ƙa'ida.

Ra'ayina, kuma a kansa nake: idan ba ka taɓa cikin injinka ba, marar turbo ya zauna a faɗin kamfani, ko ya ƙara abin da bai wuce rabin inci ba. Kuma bakin salansar da za ka saya ya zama daidai da bututun da ke motar. Auna da kanka kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka rubuta a takarda. Mai shago zai ce maka, “Alhaji, za ta shiga, mai walda zai daidaita.” Za ta shiga ɗin, amma da jone-jonen da ke matse hayaƙi a wuri ɗaya su sake shi a wani.

Idan kana son sanin ko ka samu ƙarfi, kada ka tambayi kunnenka, don kunne yana jin ƙara ya ce gudu ne. Nemi hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso, giya ɗaya, lodi ɗaya, ka auna lokaci tsakanin alamomi biyu kafin canji da bayansa.

Sauran da sauri, ku bi hoton. Ku dubi wannan salansa yadda ta sauko ƙasa da shasi. Dutse na farko zai lotsa ta. Zaɓi mai siffar ƙwai ko siririya da za ta ɓuya a sama, wutsiyar kuma kada ta leƙo ƙasan bamba inda za ta caki ƙasa idan kana fitowa daga kwazazzabo. A rataye ta da robobi, ba a walde ta kai tsaye a jikin shasi ba, don gargada tana tsaga duk abin da ba ya motsi. Wajen ƙarfe, baƙin ƙarfe ya fi araha kuma ya fi saurin tsatsa. Cikin marasa tsatsa akwai mai lamba 409 da mai lamba 304. Tafi da maganaɗisu a aljihu: yana kama 409, amma da kyar yake kama 304, wanda ya fi tsada ya fi jure damina. Mai yawan ratsa ruwa ya sani cewa audugar cikin miƙaƙƙiya tana shan ruwa da laka, ta lalace, ƙarar ta yi ta ƙaruwa. Kuma in bakin salansa na cikin ruwa, kada ka kashe inji.

Wannan tukunyar ta gaba ba salansa ba ce. Ita ce mai tace guba, wadda makanikai ke kira indomi, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam, shi ya sa ake yawan ba ka shawarar a cire. Bar ta a wurinta, kuma ka tsaya a kan motarka lokacin aikin. Zafinta da na bututu yana iya kunna busasshiyar ciyawa, don haka da rani duba inda kake fakawa, ka riƙa cire ciyawar da ta maƙale a ƙasa.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kada a datse bututu ya ƙare a ƙarƙashin bodi. Motocinmu na ƙauye suna ɗaukar mutane a baya, mata da yara da tsofaffi, awa da awanni. A cikin hayaƙi, musamman na fetur, akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Bututun ya fito har gefe ko bayan mota. Bayan an gama walda a tayar da inji tun yana da sanyi, a bi kowace mahaɗa ana kusanto da hannu ba tare da an taɓa ba. In ka ji iska na busowa, ko ka ga baƙin toka a gefen jonin, a sake waldar kafin motar ta bar gareji.