Darasi: Yadda ƙirƙirarriyar basira ke haɗa kiɗa da waƙa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau kan manhajojin nan za mu tsaya, irin su Suno da Udio, waɗanda mutum zai rubuta musu layi biyu, kafin ya ajiye waya sai ga waƙa da kiɗanta da murya da amshi.

Abin ba jiya aka faro shi ba. Tun 1957 Lejaren Hiller da Leonard Isaacson na Jami'ar Illinois a Amurka suka sa kwamfutar ILLIAC ta tsara kiɗa. Sai dai dokoki suka shimfiɗa mata, wannan sauti kada ya biyo wancan, kuma mutane ne suka ɗauki kayan kiɗa suka kaɗa abin da ta fitar. Na yau ba doka ake ba su ba, jiyar da su ake yi.

To, a nan nake so ku kasa kunne. Sauti a wurin kwamfuta lambobi ne kawai. A faifan CD, sau 44,100 ake auna sauti a kowace daƙiƙa, ke nan waƙar minti 3 ta kusa lamba miliyan 8, a kunne ɗaya ma kawai. Wannan ya yi wa na'ura yawa. Sai a dunƙule sautin ya koma 'yan gutsattsari. Manhajar MusicGen, wadda kamfanin Meta ya fitar a 2023, kashi 50 kacal take raba kowace daƙiƙa ta sauti, kuma da kiɗa na awa 20,000 aka horar da ita. Horon kuwa shi ne a jiyar da ita farkon kiɗa, a ɓoye abin da ke gaba, a ce ta canka. Ta kuskure, a gyara mata, ta sake. Haka dai, har ta gane abin da ya saba biyo wani. Kowane kiɗa kuma ana haɗa shi da bayaninsa a rubuce, shi ya sa in ka rubuta "piyano mai sanyi" take sanin inda za ta dosa.

Akwai wata hanyar, wadda manhajar Stable Audio ke bi: a fara da shuuu, kamar rediyon da bai kama tasha ba, a yi ta tacewa har kiɗa ya bayyana.

Yanzu ga aiki. In ka ce wa manhajar haɗa waƙa "yi min waƙa mai daɗi", abin da kowa ya saba ji za ta ba ka, don tsaka-tsakin abin da ta ji take nema. Faɗa mata salo, kayan kiɗa, muryar mace ko namiji, da sauri, misali bugu 90 a minti. Baitocin kuwa, ni dai shawarata ka rubuta abinka. Nata baitocin lami ne. Ka nuna mata ina ne baiti, ina ne amshi, ka sa ta fitar da kala uku ko huɗu, ka zaɓa. In harshen da ka yi rubutun ba ta ji shi da yawa ba lokacin horo, za ka ji lafazi ya karkace, ta ja gaɓar da ba a ja. Nan gara ka karɓi kiɗan kawai, ka ɗora muryarka a situdiyo.

Sai batun haƙƙin mallaka. A watan Yunin 2024 kamfanonin waƙa na Universal da Sony da Warner suka maka Suno da Udio a kotu, bisa zargin an horar da manhajojin da waƙoƙinsu ba izini. A Janairun 2025 kuma ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce rubuta umarni kaɗai bai isa ya mai da mutum mamallakin aikin ba, sai an ga hannunsa a ciki. Don haka ka adana rubutun baitocinka da muryar da ka ɗauka. Kuma kafin ka sa waƙa a kasuwa ka duba sharuɗɗan manhajar, don a Suno abin da aka haɗa a tsarin kyauta ba a yarda a sayar da shi ba.