Jaririn Kwalba: Ina Kiristoci Suka Tsaya?

Ranar 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila. Ita ce ta farko a duniya da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji, sannan aka dasa a mahaifa.

Wanda ya san gorin da matar da ba ta haihu ba take sha, zai ce madalla. Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan kukan. Ku tuna Hannatu a Shilo, tana addu'a leɓunanta na motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu. To me ya sa wasu Kiristoci suke ɗari-ɗari da abin?

Yaron da aka haifa ba a kansa ake gardama ba. Likita yakan haɗa ƙwai da yawa, ya dasa ɗaya ko biyu. Ragowar fa? Daskarar da su ake yi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Wasu su shekara goma a haka, wasu a zubar, wasu a yi bincike da su.

A nan Cocin Katolika ta ja daga. A 1987 ta fitar da takardar Donum Vitae, da sa hannun Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16. Matsayinta: tun daga lokacin da ƙwai da maniyyi suka haɗu, a girmama ɗan tayin a matsayin mutum, wanda Littafin Farawa ya ce an halitta cikin siffar Allah. Ta kuma ƙi a raba haihuwa da saduwar miji da mata, ko da ƙwan da maniyyin nasu ne.

Cocin Ingila ba ta tsaurara haka ba, ta bar ƙofa a buɗe ga ma'aurata.

A Amurka kuwa maganar har kotu. A Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar Alabama ta ce daskararren ɗan tayi ɗa ne a idon doka, wasu asibitoci suka dakatar da aikin. A watan Yuni, babban taron 'yan Baptis na Kudu ya roƙi mabiyansa su yi hattara.

Waɗanda ke daskare yanzu fa? Ko Vatican, fadar Paparoma, a takardarta ta 2008, cewa ta yi wannan rashin adalci ne da ba shi da gyara.