Yadda Ake Ɗaura Sabon Hannun Allura a Tsohon Garmaho

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Abin da kuke gani a kan teburin nan garmaho ne ƙirar Thorens TD 150, wanda ya fara shiga kasuwa a 1965. Injinsa lafiya lau, farantinsa yana juyawa ba tangarɗa. Matsalar tana wajen hannun da ke riƙe allura. Ku duba, in na kama shi na ɗan jijjiga, za ku ga yana girgiɗi a gindi, alamar mazauninsa ya saki. Hannun da ya kai wannan matsayi yana ɓata sauti, kuma abin da ya fi damuna, yana cin faifai. Sifika in ta lalace ana sayen wata. Faifan da aka buga shekara hamsin da suka wuce kuwa, in allura ta goge tsagarsa, shi ke nan.

Wanda za mu ɗaura ga shi nan a gefe: Rega RB300, ƙirar Ingila, da ya fito a 1983. Bututunsa na alminiyam zubi ɗaya ne tun daga gindi har kan da ake ɗaura allura, babu gaɓa ko mahaɗi da zai yi karkarwa. Shi ya sa har yau masu gyaran tsofaffin garmaho ke nemansa.

Kafin komai, a zare fulogi daga bango. Kashe makunni bai wadatar ba, domin da zarar an kwance marfin ƙasa, wayoyin wuta a fili suke. Sai a ɗaga babban farantin, a cire bel, a ajiye su gefe. Ƙaramin farantin ciki a bar shi a wurinsa, za mu buƙaci turken tsakiyarsa wajen awo. Kada a kifa garmahon, saboda akwai mai a cikin ramin da turken ke juyawa, kuma zai tsiyaye. Ku ga yadda na ɗora shi a kan kujeru biyu, tsakiya a buɗe, ina aiki ta ƙasa da tocila.

Cire tsohon hannu ba shi da wuya. A raba wayoyinsa daga inda aka haɗa su, a kwance sukurorin da suka riƙe dogon katakon nan na dama, hannun zai taso tare da katakonsa. Shawarata, kada a huda wannan katako na asali. A kai shi wurin kafinta ya yanko wani daidai tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, na filawud mai kyau ko katako mai tauri wanda ya bushe sosai. Na asalin a nannaɗe shi a adana. In ma da hali a yanko biyu.

Yanzu mun zo wurin da nake so ku ba ni hankalinku duka, domin komai na wannan aiki ana iya sake shi in ban da abu ɗaya, wato ramin da za a huda. Kowane hannu yana da tazarar da maƙerinsa ya ƙayyade tsakanin tsakiyar turken faranti da tsakiyar gindin hannu. Na Rega milimita 222 ne. Na Technics SL-1200 milimita 215 ne, na Linn kuma 211. Kun ga ke nan ba a ɗauko hannu a zura shi a ramin wani hannun don kawai ya shiga.

Ga dalili. Lokacin da ake yanka faifai na asali a masana'anta, wuƙar yankan tana tafiya ne a miƙe ɗoɗar daga baki zuwa tsakiya. Hannunmu kuwa yana kafe a wuri ɗaya, don haka allurarsa zagaye take zanawa, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Saboda haka allura ba za ta taɓa zama daidai da tsagar faifai daga farko har ƙarshe ba. Iyakar abin da lissafi zai ba mu shi ne wurare biyu da za ta daidaita cif, a sauran wuraren kuma a rage karkatar gwargwadon iko. Injiniyoyi biyu, Löfgren a 1938 da Baerwald a 1941, su suka fitar da wannan lissafi, kuma a tsarin da aka fi bi, wato na Baerwald, wuraren nan biyu suna milimita 66 da milimita 120.9 daga tsakiyar faifai. Ramukan sukurori da ke kan hannu dogaye ne, don a iya tura kan allura, wato ɗan akwatin da allurar ke jikinsa, gaba ko baya kaɗan, amma 'yan milimitoci ne kacal. In ramin gindi ya kauce da yawa, za ka tura har ƙarshen ramukan, allura ba ta kai inda ake so ba.

To ga yadda ake awon. A samu kwali mai kauri, a yanka shi dogo kamar rula. A gefe ɗaya a huda ramin da zai shiga turken tsakiya ɗam, ba sako-sako ba. Daga tsakiyar wannan rami a auna milimita 222 da rula ta ƙarfe, a soka allurar ɗinki a wurin. A ɗaura sabon katako a mazauninsa da sukurorinsa tukuna, sannan a zura kwalin a turke. Ku lura, turken ya fi katakon tudu, don haka in kuka kwantar da kwalin ya gangaro ƙasa, awon zai gajarta. Dole kwalin ya tsaya a kwance sosai, allurar ɗinkin ta sauka a tsaye. Ni nakan tallafe shi da littafi daidai tsayin farantin. Sai a ja shi a hankali ya zana ɗan baka a kan katakon. Ko'ina a kan wannan baka 222 ne. Abin da zai zaɓar maka wuri shi ne sarari: ƙarfen nauyi na bayan hannu kada ya bugi murfi in an rufe, kuma a leƙa ta ƙasa a tabbatar babu ƙarfen da zai tare gindin hannu da notinsa.

A yi alama, a sake awo, a sake kuma. Sannan a cire katakon daga jikin garmaho kafin a huda, kada garin katako ya shiga inji. A fara da siririn bakin injin huda, sannan babba. Gindin RB300 mai zare ne, kaurinsa ya ɗan haura milimita 20, amma ku auna naku da kanku, ku bar ɗan sarari kaɗan a ramin yadda za a iya gyara zaman hannun kafin a ɗaure. Sababbin hannayen Rega, irin su RB330, da sukurori uku ake ɗaura su, ba noti ɗaya ba, amma tazarar ba ta canja ba.

A zura waya ta ramin, hannu ya zauna, a ɗaure noti ta ƙasa da sifana. Ya kama sosai, amma ban da nuna ƙarfi, don katako yana lotsewa. Wayar nan da ta sauko kuma tana da nata sharaɗi. TD 150 faranti da katakon hannu duka suna zaune ne a kan firam ɗaya da ke lilo a kan sifirin uku, don kada girgizar inji da ta ɗaki ta kai ga allura. In aka ja wayar ta yi tsam, an kashe lilon. A lanƙwasa ta ta yi sako-sako, a maƙale ta a jikin akwatin katako. Da yake nauyin sabon hannu ya bambanta da na tsohon, bayan an mai da bel da babban faranti, a ɗora faifai, a juya notocin sifirin ɗin nan uku kaɗan-kaɗan har farantin ya daidaita. In ka danna shi a hankali ka saki, ya kamata ya yi sama da ƙasa a miƙe, ba ya rangaji gefe da gefe ba.

Sai kan allura. Wayoyi huɗu ne sirara kamar gashi: fari da shuɗi na ɓangaren hagu, ja da kore na dama. Da hantsaki ake kama su, kuma ƙarfen bakin ake kamawa, ba wayar ba. A bar murfin allura a kanta har a gama wannan. Sukurori biyun a ɗaure su sama-sama tukuna.

Nauyi ake saitawa kafin a ɗora allura a kan komai. A mai da lambar nauyi ta gefen hannu sifili, a mai da maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki sifili shi ma, sannan a matsa ƙarfen baya gaba ko baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai. Zai ɗan riƙa sulalewa waje, wannan ɗabi'ar maganaɗisun cikinsa ce, kada ya dame ku. Daga nan a murɗa lambar zuwa abin da maƙerin allura ya ce. Wadda muke amfani da ita, Audio-Technica AT-VM95E, giram 2 take so, tsakanin 1.8 da 2.2. A tabbatar da ƙaramin sikeli, amma wanda farantinsa ba ya kama maganaɗisu, in ba haka ba kan allura zai ja shi ya ba ku lambar ƙarya. Mutane da yawa suna rage nauyi wai don su tausaya wa faifai. Wallahi wannan ya fi ɓarna, domin allurar da ba ta zauna daram ba tsalle take yi tana dukan bangon tsaga.

Yanzu ga takardar awon kusurwa mai ɗigo biyu, wato wuraren nan biyu da allura za ta daidaita cif, an zura ta a turke. In kun buga ta a firinta, ku auna da rula ku tabbatar girmanta bai canja ba. A sauke allura a ɗigon waje, a duba ta gaba ko jikin kan allura ya bi layukan takardar. Sai a koma ɗigon ciki. In ya daidaita a ɗaya ya karkace a ɗaya, a tura shi gaba ko baya kaɗan a sake gwadawa. A hannun Rega, tsarin Baerwald yakan sa kan allura ya matso gaba da kusan milimita 2 fiye da awon kamfanin, don haka kada ku yi mamaki in sukurorin sun kusa bakin ramukansu. Nan ne ake haƙuri. Waƙoƙin ƙarshen faifai su ne za su amfana, domin a bakin faifai tsaga tana wuce allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a can ciki kuwa kusan 20 ne kawai, sautin a cushe yake, ƙaramar karkata sai ta fito fili. In an dace a duka biyun, a ɗaure sukurori, a sake auna nauyi tunda kan ya motsa, a sa maɓallin hana zamewa daidai da lambar nauyin.

Ku durƙusa ku kalli hannun ta gefe, allura na kan faifai. Saman kan allura ya kamata ya yi daidai da shimfiɗar faifan. Kada bututun ya ruɗe ku, yana sirancewa ne ta gaba. RB300 ba shi da abin ɗaga gindi, in bayan ya yi ƙasa sai a sa zoben ƙarfe mai kaurin milimita 2 a ƙarƙashinsa.

A mai da marfin ƙasa, a haɗa waya a ƙofar garmaho ta amfilifaya. Ba za ku ga wayar ƙasa, wato wadda ke hana gurnanin wuta a sifika, daban a hannun Rega ba, an haɗa ta ne ta cikin wayar hagu. In kun ji gurnani a sifika, ku ja siririyar waya daga ƙarfen firam zuwa noti na bayan amfilifaya. Gwajin farko a yi shi da faifan da ba a jin asararsa, kuma a sauke allura a waƙar ƙarshe. Ku saurari harafin "s" a bakin mawaƙi da inda muryarsa ta fi tashi. In sun fito tas, muryar kuma ta tsaya a tsakiyar sifikun biyu, sai a ɗauko faifan da ake ji da shi. In kuwa akwai yayyafin ƙara, a fara duba ko ƙura ce a bakin allura, sannan a koma kan takardar awo.