Jawabin Maraba Daga Injiniyoyi da Ma'aikatan Ɗakin Gwaji na Matatar Ruwa Ga Mai Girma Kwamishinan Albarkatun Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, mai girma Hakimi, manyan baƙi, assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Mun gode da ka taka ƙafa ka zo, domin muna da magana a kan kulorin da dokar da ke kula da shi.

Ranka ya daɗe, kulorin ne katangarmu da kwalara da taifot. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma ragowar 0.2 ta kai bakin famfo. Sai dai idan kulorin ya tarar da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da suka narke a ruwan kogi, yakan haifar da wasu sinadarai da ake kira THM da HAA. A Rotterdam aka gano haka a 1974, kuma bincike ya danganta daɗewa ana shan su da kansar mafitsara. Zafin bazara na ƙara su, haka ma daɗewar ruwa a tanki da bututu, shi ya sa unguwar da ke ƙarshen layi ta fi kowa kwasa.

Abin da muke so a lura da shi, doka ba lamba kawai take kafawa ba, tura matata take yi ta zaɓi hanya. Amurka ta sa iyakar THM a maikurogiram 100 a lita a 1979, ta rage zuwa 80 a 1998, ta sa wa HAA 60. A 2006 ta hana a cakuɗa sakamakon unguwanni a fitar da matsakaici ɗaya, kowane wurin awo sai ya tsaya da ƙafarsa. Matatu da yawa suka bi hanya mai araha, wato ƙara amoniya a mai da kulorin kuloramin. THM ya sauka, gaskiya ne. Amma kuloramin na iya haifar da NDMA, wani sinadarin da shi ma ake zargin yana jawo cutar kansa, kuma bayan birnin Washington ya koma amfani da kuloramin a 2000, dalmar tsofaffin bututu ta riƙa narkewa cikin ruwan gidaje. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka muke ganin kafin a tsaurara ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554, a fara gwada shi a lissafin kwamfuta. A zuba mata yawan dattin da ya narke a ruwan, buromaid (wani sinadarin gishiri da ake samu a ruwa), zafi, tsami, adadin kulorin da awowin da ruwa ke yi a hanya. Ita kuma ta nuna hanyar da kowace matata za ta fi karkata gare ta, kuɗin da za ta ci, da abin da mai shan ruwa zai haɗiya a ƙarshe. Lissafin kuwa ba ya wuce ingancin awon da aka ba shi, kuma awon rani ba ya wakiltar damina.

A wurinmu hanyar da ta fi aminci ita ce cire dattin tun kafin kulorin ya same shi. A yi gwajin kwalba kullum, wato a gwada adadin alif daban-daban a kwalaben ruwa, don daidaita alif, a bar ruwa ya kwanta sosai, a wanke yashin tacewa a kan lokaci, a daina zuba kulorin a ɗanyen ruwan da ya shigo daga kogi, sai bayan an tace. Rage kulorin don tsoron THM kuwa, wannan ba ma yarda da shi ko kaɗan, domin kwalara a kwana ɗaya take kisa.

Roƙonmu uku ne, ranka ya daɗe: na'urar auna THM da horar da masu sarrafa ta, alif da ba ya yankewa a damina, da motar ɗebo samfurin ruwa daga unguwannin ƙarshen layi duk wata uku.

Yanzu muna gayyatar mai girma Kwamishina ya zagaya da mu, daga inda ruwan kogi ke shigowa har ɗakin gwaji. Allah ya ƙara girma, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.