Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Kiwon Lafiya daga Likitocin Yara na Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Kiwon Lafiya, mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, iyayenmu sarakuna, abokan aiki. Ranku ya daɗe, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Daga Yamai zuwa nan ya fi kilomita 600, kuma mun san ayyukan da kuka ajiye kuka taho. Mun gode.

Kukanmu na yau a kan wani ciwon daji ne na ƙananan yara, nurobilastoma. Galibi yana tsirowa a adirenal, ƴar tsokar da ke zaune bisa ƙoda, kuma mafi yawan waɗanda yake kamawa ba su kai shekara 5 ba. Kusan rabinsu, ranar da aka gano shi ya riga ya kai ɓargo, ƙashi, hanta ko kaluluwa. Uwa takan kawo yaro da kumburin ciki, ko ya daina tafiya don ciwon ƙashi, ko kewayen idonsa ya yi baƙi.

Ranku ya daɗe, ƙarin dajin da ya yaɗu ba lallai ya yi kama da uwarsa, wato ƙarin farko, ba, kamar ɗan da ya je ci-rani ya sauya hali. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙwayoyin ciwon suna da fuska biyu. Wasu na ɗauke da furotin PHOX2B da GATA3 irin na jijiya. Wasu kan rage su, su ƙara furotin bimentin da PRRX1, kuma waɗannan sun fi taurin kai ga magani. Furotin CXCR4 na cikin abin da ke ja su zuwa ɓargo. Sauyi a ƙwayar halittar gado mai suna ALK ma ya fi yawa idan ciwon ya dawo fiye da ranar farko. Likitan da ya duba uwar ƙari kaɗai zai iya ba da magani daidai da ita, abin da ke ɓargo na ci gaba da ɓarna.

Don haka samfur biyu ake so, na ƙarin da na inda ya yaɗu. Ɓargo a ɗebo shi daga bayan ƙashin ƙugu, dama da hagu, ruwa da guntun ƙashi a kowane gefe, domin ciwon tsilli-tsilli yake zama, gefe ɗaya na iya fitowa babu komai. Nama ya shiga fomalin, ruwan adana nama, mai kashi 10 cikin 100, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa 1, yawan ruwan ya ninka naman sau 10. Ya zauna awa 6 zuwa 72. Idan ya wuce haka, fomalin na ɗaure furotin har rinin gwaji ya kasa kama shi, sakamako ya ce babu alhali akwai. Guntun ƙashi da sinadarin EDTA, mai aiki a hankali, ake tausasa shi. Asid mai ƙarfi ya fi sauri, amma yana cinye abin da ake nema. Naman da za a auna furotin ɗinsa dalla-dalla kuwa daskarewa yake so nan take, a sanyin 80 ƙasa da sifiri. A zafin watan Afrilu na Maraɗi, da ke haura 40, ɗaukewar wuta ta dare guda ta isa ta lalata shi, kuma yaron da aka yi wa tiyata ba a sake yanka shi don an yi asarar samfur.

Roƙonmu shi ne fomalin mai kyau da ba ya yankewa, firiza mai wutar sola a bayanta, gwajin VMA da HVA, sinadaran da ciwon ke ƙara yawansu a fitsari, da tsayayyar rana a kowane mako da mota za ta kai samfur Yamai.

Ranku ya daɗe, ma'aikatan ɗakin bincike na jiranku su nuna muku aikin da hannunsu. Allah ya maida ku gida lafiya.