Karl Dönitz: Yadda Rediyo Ya Ɗaga Jiragen Ƙarƙashin Tekun Jamus, Kuma Ya Kayar da Su

An haifi Karl Dönitz a shekarar 1891 a Grünau, kusa da Balin, ya shiga sojan ruwa a 1910. A watan Oktoban 1918 yana jagorantar jirgin ƙarƙashin teku UB-68 a kusa da Malta, ya tunkari ayarin jiragen kaya shi kaɗai. Jirgin ya samu matsala, dole ya fito saman ruwa, Ingilishi suka kama shi. Abin da ya ɗauka daga nan shi ne: jirgi guda ba ya cin ayari, sai an yi taron dangi.

A 1935 aka damƙa masa rundunar jiragen ƙarƙashin teku. Ya ce yana buƙatar guda 300: ɗari a fagen daga, ɗari a kan hanyar zuwa da dawowa, ɗari a wajen gyara. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Satumban 1939, 57 kacal gare shi.

To, ga yadda dabararsa take aiki. Ana jera jirage a layi, a tare hanyar da ake zaton ayari zai bi. Wanda ya fara hango hayaƙi ba ya harbi. Sai ya aika saƙon rediyo zuwa hedikwatar Dönitz, wadda bayan faɗuwar Faransa a 1940 ta koma kusa da Lorient, ya ci gaba da bin sawun ayarin daga nesa. Hedikwata ta kira sauran, su taru, su jira dare.

Kuma a saman ruwa suke kai harin, ba a ƙasa ba. Me ya sa? Jirgi samfurin VII yana yin kusan kilomita 32 a awa da injin dizal, amma in ya nutse ya koma kan batir, da ƙyar yake yin 14, batirin ma ba ya jimawa. Ga shi na'urar ASDIC ta Ingila abin da ke ƙarƙashin ruwa take ganowa, jirgin da ke sama kuwa sai ya wuce ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan magana. Kowane saƙo tona asiri ne. Masana a Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Ingila, sun karya lambobin sirrin Enigma, na'urar da Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita. Da Jamusawa suka ƙara wa na'urar faifai na huɗu a Fabrairun 1942, Ingila ta koma cikin duhu har Disamba, sannan ta sake buɗe su. Ko ba a karanta saƙon ba, jiragen rakiya sun samu na'urar da ke nuna inda siginar ta fito. Ƙara da rada mai gani cikin dare, da jiragen sama masu dogon zango da suka rufe tsakiyar Atlantika. Dönitz ya sha zargin akwai maci amana a gida, amma ya yarda da masanansa da suka ce Enigma ba ta karyuwa. Wannan, a ganinmu, shi ne babban kuskurensa.

A Janairun 1943 ya gaji Erich Raeder a matsayin shugaban sojan ruwa. A watan Mayu kawai ya rasa jirage sama da 40, ɗansa Peter na cikin ɗaya daga ciki. Ranar 24 ga watan ya janye daga Arewacin Atlantika, amma ya ci gaba da tura samari teku har ƙarshen yaƙi. Cikin ma'aikatan jiragen kusan 40,000, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba.

Dönitz mai biyayya ne ga Hitler ba da wasa ba, shi ya sa Hitler ya zaɓe shi magaji. Bayan mutuwar Hitler, Dönitz ya riƙe gwamnati a Flensburg, ya ba da izinin miƙa wuya, aka kama shi ranar 23 ga Mayun 1945.

A kotun Nuremberg an taso da umarninsa na Satumban 1942, wanda ya hana ceton mutanen jirgin da aka nutsar, bayan jirgin saman Amurka ya jefa wa jirgin ƙarƙashin tekun Jamus U-156 bam yana tsaka da kwasar waɗanda suka tsira daga jirgin Laconia a yammacin Afirka. Sai dai Admiral Chester Nimitz, kwamandan sojan ruwan Amurka, ya shaida cewa Amurka ma ta riƙa nutsar da jirage ba gargaɗi a tekun Fasifik. An yanke wa Dönitz shekara goma, ya fito daga kurkukun Spandau a 1956, ya mutu a Aumühle ranar 24 ga Disamban 1980.