Da a ce Rabeh ne ya ci yaƙin Kusiri: daɗin kundin gajerun labaran wata duniya

Jama'a salamu alaikum, barkanku da war haka. Yau zancen littafi za mu yi amma dan Allah kar ku gudu tukuna.

Ran 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusiri, garin da ke bakin iyakar Kamaru da Chadi a yau, Faransawa suka kashe Rabeh, mayaƙin da ya ƙwace mulkin Borno, kwamandansu Lamy shi ma nan ya faɗi, shi ya sa garin da ke hayin kogi ya zama Fort-Lamy har 1973 da aka mai da shi Injamena. To ku ɗauka ranar Rabeh ne ya yi nasara. Da wane harshe yaranmu za su yi karatu yau? Hoton wa za a buga a takardar kuɗi? Irin labaran da muke magana kenan.

Kala biyu ne. Akwai wanda marubuci ke canza abu ɗaya tak a tarihi sai ya bi ya ga inda ruwa zai gangara. Akwai kuma wanda duniyoyin ke zaune gefe da gefe, mutum ya buɗe ƙofa ya tarar da wani shi ɗin, wanda bai bar makaranta ba ko wanda ya auri waccan. Wani ɗalibin kimiyya a Amurka, Hugh Everett, ya kawo hasashe mai kama da haka a 1957, amma fa hasashe ne, ba wanda ya leƙa ya dawo. Na san wani zai ce malam ai ƙaddara ta riga fata, haka ne, ba jayayya ake da ita ba, ƙagaggen labari ne kamar yadda Gizo ke magana a tatsuniya ba wanda ya tada hankali.

To me ya sa gajeru, kuma a tattare? Saboda irin wannan labari dabara ɗaya ce ke riƙe da shi. In ka ja ta shafi ɗari huɗu dole ka tsaya bayanin sarakuna da hanyoyi da haraji, kafin a kai tsakiya mamakin ya huce, labarin ya koma soyayyar da muka saba. Gajere kuwa yini ɗaya zai nuna maka a kasuwa, allon shago da rubutun da ba ka zata ba, ɗan sanda da wani irin kaki, shi kenan ya bar ka kai ka ƙarasa sauran a kanka. Kana jiran mota ta cika a tashar Garwa ka gama guda, kafin Marwa ka shiga duniya uku.

Kuma marubuta da yawa ne, wannan bai yi maka ba ka tsallake. A wani kundi da ya fito a Ingila a 1931 har Winston Churchill ya sa hannu, ya rubuta kamar yana zaune a duniyar da 'yan Kudu suka ci yaƙin basasar Amurka, wai yana tunanin ya abin zai kasance da sun sha kaye. Kun ga wayo.

Inda suke gajiyar da ni, kullum da a ce Hitler ya ci, da a ce daular Rum ba ta faɗi ba, kai abin ya isa. Mu nan muna da namu a ajiye. A Fabrairun 1961 mutanen arewacin Kamaru ta Ingila suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi Najeriya. A juya ƙuri'ar nan kawai, Mubi ta zama garin Kamaru, ɗan kasuwa ya loda kaya zuwa Garwa ba kwastan ba canjin naira. Marubutanmu na Garwa da Marwa da Injamena, mutum goma kowa ya ɗau shafi goma, an haɗa kundi.